Sayen Gida da Bashi a Amurka: Wace Ƙofa Za Ka Shiga, Filin Wa Za Ka Zauna?

Laccar da aka gabatar a gaban taron Hausawa mazauna Amurka



 An nemi in yi bayani kan hanyoyin da mutum zai bi ya mallaki muhalli a ƙasar nan, har da gidajen nan da ake ƙerawa a masana'anta a ɗauko su a mota, waɗanda wasunmu ke kira gidan tirela. Ina roƙon ku yi haƙuri da ni, domin akwai lissafi a ciki, kuma lissafin ne zuciyar maganar.

A can gida mun san yadda ake yi. Mutum ya sayi fili, ya zagaye shi, ya buga bulo. In kuɗi suka yanke ya dakata, in suka samu ya ɗora. Ranar da ya rufe ɗaki biyu ya sa ƙyaure, sai ya tare da iyalinsa, ba wanda ke bin sa ko kwabo. Akwai asusun gidaje na NHF a Najeriya tun 1992, amma yawancin gidajen da muka tashi a cikinsu da gumi da haƙuri aka gina su. A nan wannan hanyar a toshe take. Hukuma ba za ta bari ka tare a kango ba, kuma a 2024 tsaka-tsakin farashin gida ya haura dala 400,000. Ƙalilan ne za su iya zube wannan lakadan. Saboda haka mai neman gida a Amurka cinikin bashi yake fara yi kafin cinikin gida, kuma a cinikin bashin ne aka fi cutuwa.

Wannan bashi na shekara 30 da ake biya wata-wata ba daɗaɗɗen abu ba ne. Kafin shekarun 1930, banki kan nemi kusan rabin kuɗin gida a hannu, ya ba ka shekara biyar zuwa goma, a ƙarshe ka biya ragowar a dunƙule. Da tattalin arziki ya rushe, gidaje suka yi ta salwanta, sai gwamnati ta kafa hukumar FHA a 1934 don ta tsaya wa mai karɓar bashi, ta kafa Fannie Mae a 1938, daga baya Freddie Mac a 1970, don su riƙa sayen basussukan daga hannun bankuna. Ku riƙe wannan da kyau: bankin da ya ba ka bashi sau da yawa sayar da shi zai yi, kuma masu sayen ne suka gindaya sharuɗɗan. Shi ya sa sanayya ba ta aiki a nan. Ma'aikacin da ke zaune gabanka ba shi da alfarmar da zai yi maka, ko da ɗan garinku ne. Takarda ce ke magana. Gaskiya ne a farkon lamari tsarin ya mayar da baƙar fata saniyar ware, aka shata wa unguwanninsu jan layi a taswira aka hana su bashi. Dokokin 1968 da 1974 sun haramta nuna bambanci saboda launi ko addini ko asali, kuma duk wanda aka yi wa haka yau yana da inda zai kai ƙara.

Mu yi lissafi. Mu ƙaddara ka karɓi dala 300,000 a kan ruwa kashi 7 cikin 100, shekara 30. Kowane wata za ka biya kusan dala 1,996. A watan farko, dala 1,750 kuɗin ruwa ne, dala 246 kacal ke rage uwar kuɗi. In ka kai ƙarshe ka biya fiye da dala 718,000, wato ruwan ya fi uwar kuɗin yawa. Wannan bashin dai, da a kan kashi 3 ne, biyan wata dala 1,265 ne. Da kuma a shekara 15 ka ɗauke shi a kan kashi 7, biyan wata zai hau zuwa kusan 2,700, amma ruwan gaba ɗaya zai sauko zuwa wajen 185,000. Ba almara ba ce wannan tazarar. A Janairun 2021 ruwan bashin shekara 30 ya faɗo zuwa kashi 2.65, a Oktoban 2023 ya kai 7.79. Maƙwabta biyu, gida iri ɗaya, ɗaya yana biyan ɗaruruwan daloli fiye da ɗayan kowane wata, don kawai ranar sa hannunsu ta bambanta. Kuma duk wannan ban sa harajin gida da inshora ba, waɗanda ake tarawa a cikin biyan wata, suna kuma hawa ko da ruwan bashinka a tsaye yake.

Akwai bashin da ruwansa ke farawa da sauƙi na 'yan shekaru sannan ya bi kasuwa. Shi ya taimaka wajen raba miliyoyin mutane da gidajensu a rikicin 2008. Wanda albashinsa ba ya miƙewa, ya nemi mai tsayayyen ruwa ya huta.

Me suke dubawa kafin su ba ka? Na farko makin kiredit, wanda ke tashi daga 300 zuwa 850, kamfanonin Equifax da Experian da TransUnion ne ke tara bayanansa. Abin da ke ba mutanenmu mamaki shi ne, wanda bai taɓa cin bashi ba, mai amana, wanda a kasuwar Kwari za a ba shi kaya na miliyoyi da baki kawai, a nan ba su san shi ba. Rashin tarihi matsala ce mai zaman kanta, ko da yake akwai masu ba da bashi da ke karɓar shaidar biyan haya da kuɗin wuta a madadinsa.

Na biyu shaidar samu, kuma a nan nake son direbobinmu na tasi da Uber, da iyayenmu mata masu kitso da sayar da abinci, su ba ni kunnuwansu. Mai sana'ar kansa takardun harajin shekara biyu ake nema a wurinsa. Idan kowace shekara kana gaya wa hukumar haraji cewa bayan mai da gyaran mota ɗan abin da ya rage maka bai taka kara ya karya ba, to wannan adadin ne banki zai ɗauka. Ba za ka zama talaka a ofishin haraji a watan Afrilu, ka zama mai hali a banki a watan Yuni ba. Sannan za su haɗa duk basussukanka na wata, da na mota da na kati da na gidan da kake nema, su auna da samunka. Da zarar sun haura wajen kashi 43 cikin 100, ƙofofi sun fara rufewa.

Na uku kuɗin kafin alƙalami, da inda suka fito. Banki zai nemi takardun asusunka na wata biyu, kuma duk wani babban kuɗi da ya faɗo ciki sai ka faɗi asalinsa. Kuɗin ƙarƙashin katifa ba su da shaida. Adashi fa? Hajiya, ƙa'idojin FHA sun san da ƙungiyoyin tara kuɗi irin namu, suna karɓar kwasar adashi, amma da sharaɗin akwai rubutu: wa ke zubi, nawa, tun yaushe, wa ke riƙe da littafi. Uwar adashin da ke riƙe komai a ka, amanarta ba za ta shiga fayil ba. In kuwa ɗan uwa ne ya taimaka, sai ya rubuta takarda cewa kyauta ce ba rance ba. Ku kuma tanadi kashi 2 zuwa 5 na kuɗin don ɗawainiyar ranar sa hannu, wadda mutane da yawa ke mantawa da ita sai ta zo.

Ƙofofin bashin kuwa, ga yadda suke. Bashin FHA shi ne sabbin masu saye da yawa ke shiga: kafin alƙalami kashi 3.5 ga mai maki 580 zuwa sama, kashi 10 ga mai 500 zuwa 579. Amma sauƙin nan da kuɗinsa. Akwai inshorar bashi ta kashi 1.75 tun farko, da wata ta shekara-shekara, wadda ga mafi yawa kashi 0.55 ce tun 2023, kuma in ka ba da ƙasa da kashi 10 a hannu, tana tare da kai har ƙarshen bashin sai dai in ka sauya shi. Ku kuma sani cewa daga watan Mayun 2025 FHA ta daina tsaya wa waɗanda ba su da izinin zama na dindindin. Bashin da ke bin ƙa'idar Fannie Mae da Freddie Mac yana iya farawa daga kashi 3 ga wanda ya cika sharaɗi. Shi ma yana da inshora in ka ba da ƙasa da kashi 20, sai dai dokar 1998 ta ba ka damar neman a cire ta in bashin ya sauko kashi 80 na farashin asali, a kashi 78 kuma ta faɗi da kanta. Ga mai maki mai kyau, ni a ganina wannan ta fi FHA. 'Ya'yanmu da suka yi aikin soja suna da bashin VA, wanda ya samo asali daga dokar 1944: ba kafin alƙalami, ba inshorar wata-wata, sai kuɗin shiga sau ɗaya. Akwai kuma na USDA, shi ma ba kafin alƙalami, ga masu matsakaicin samu a yankunan karkara. Kada kalmar karkara ta kore ku. Ku duba taswirarsu, akwai garuruwan gefen manyan birane da yawa a ciki.

Yanzu ga gidan masana'anta, inda nake so mu ɗan zauna. Kada kowa ya raina shi. Amurkawa kusan miliyan 20 a cikinsa suke kwana, musamman a jihohin kudu kamar Tekzas da Filorida. Tun ranar 15 ga Yuni, 1976, duk wanda aka ƙera sai ya bi ƙa'idar gini ta tarayya ƙarƙashin ma'aikatar HUD, kuma ana manna masa jan tambarin ƙarfe a jikin kowane ɓangare. Bayan guguwar da ta ɗaiɗaita kudancin Filorida a 1992 an ƙara tsaurara ƙa'idar jure iska a 1994. Na zamani, mai ɓangare biyu da aka haɗa, in ka shiga falonsa ba za ka bambanta shi da ginin unguwa ba. A 'yan shekarun nan tsaka-tsakin farashin sabo tsakanin dala 120,000 ne da 130,000, ban da fili. Wanda aka ƙera kafin waccan rana ta 1976 kuwa, komai kyan fentinsa, FHA ba za ta tsaya masa ba, kuma ranar da ka tashi sayarwa za ka sha wuya.

Gidan ba shi da laifi. Tambayar ita ce, a kan filin wa za a ajiye shi? Amsar wannan ce ke yanke irin bashin da za a ba ka. Idan filin naka ne, aka kafa gidan a kan harsashi na dindindin, aka yi masa rajista tare da filin a matsayin kadara guda, to ka cancanci bashin gida na sosai: FHA, VA, USDA, ko shirye-shiryen MH Advantage na Fannie Mae da CHOICEHome na Freddie Mac. Idan kuwa a sansanin gidaje ka ajiye shi kana biyan hayar fili, doka a yawancin jihohi kallon mota take yi masa. Takardarsa irin ta mota ce, bashinsa ma haka: ruwa ya fi yawa, shekaru sun fi kaɗan, in ka gaza biya kuma ɗauke shi ya fi sauƙi da sauri fiye da ƙwace ginannen gida. A 2020, lokacin annobar korona, dokar da ta ba masu bashin gida damar dakatar da biya ta shafi basussukan da gwamnatin tarayya ta tsaya wa ne, yawancin masu irin wannan bashi ba ta rufe su ba.

Hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, ta fitar da rahoto a 2021 da ya nuna kusan kashi 42 cikin 100 na basussukan sayen waɗannan gidaje irin na mota ne, kuma ƙasa da kashi 30 na masu nema ake amincewa, alhali a ginannun gidaje ya haura kashi 70. Manyan masu ba da wannan bashi, 21st Mortgage da Vanderbilt, na kamfanin Clayton Homes ne, wanda Berkshire Hathaway ta Warren Buffett ta saya a 2003. Wato mai ƙera gidan, da mai sayar maka, da mai ba ka bashi, suna iya kasancewa 'yan gida ɗaya. Doka ba ta hana ba, amma ai ba ka tambayi mai kaya ko kayansa sun yi tsada ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutumin da filin nasa ne, amma ya karɓi bashi irin na mota don dillali ya ce ya fi sauri. Saurin 'yan makonni, biyan shekara ashirin.

Mu ƙaddara bashin dala 80,000 ne a kan kashi 10, shekara 20. Biyan wata kusan 772. Ka ɗora hayar fili, a ce 600. Ka kai 1,372, kuma kason nan na haya ba ya ƙarewa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Manyan kamfanonin zuba jari sun yi ta sayen waɗannan sansanoni a shekarun nan, domin sun gane cewa mai gida ba ya iya tashi. Ɗaga gidan zuwa wani wuri dubban daloli ne, tsoho kuma ba lallai ya jure tafiyar ba. Mai haya a bene in an ƙara masa kuɗi ya tattara kayansa ya tafi. Kai kuwa gidanka ne ya ɗaure ka. Bugu da ƙari, abin da ya fi ƙara daraja da shekaru fili ne, kuma filin na wani ne. Araha ba ta ado.

Duk da haka ba na cewa a guje shi ɗungurungum. FHA tana da wani shiri na daban don gida kawai ba fili, wanda ke buƙatar yarjejeniyar hayar fili ta aƙalla shekara uku. Akwai kuma sansanonin da mazauna suka haɗa kuɗi suka saye filin ya zama na ƙungiyarsu. An fara wannan a jihar Niyu Hamsha a 1984, ƙungiyar ROC USA kuma ta yaɗa shi zuwa sauran jihohi daga 2008. In za ka zauna a sansani, irin wannan za ka nema. Mu da muka gaji adashi da gayya, ban ga abin da zai hana iyalai goma su yi tunanin fili guda ba.

Na san abin da ke cin zukatan da yawa tun da na fara ambaton ruwa. Haramcin riba ba abin wasa ba ne, kuma akwai dattawa a ɗakin nan da suka shekara ashirin suna haya saboda shi. Hukunci na malamai ne, ga su nan zaune. Nawa shi ne in faɗi abin da ke ƙasa. Hukumar kula da bankunan tarayya ta amince da tsarin ijara a 1997, da na murabaha a 1999. Akwai LARIBA a Kalifoniya tun 1987, Guidance Residential tun 2002, da Devon Bank a Shikago, da UIF a Mishigan. Wasu su sayi gidan su sayar maka da ribar da aka yanke, wasu su ba ka haya har ka mallaka, wasu ku yi tarayya kana sayen kasonsu kaɗan-kaɗan kana biyan kuɗin amfani da ragowar. Malamai sun yi saɓani a kan wasu daga cikin kwantiragin nan, kamar yadda suka yi saɓani a kan fatawar Majalisar Fatawa ta Turai ta 1999 da ta yi rangwame ga mai tsananin buƙatar muhalli. Ku kai wa malami takardar kanta ya karanta, ba tallan kamfani ba. Kuma kada ku shiga da tsammanin araha. Biyan wata yakan yi kusa da na kasuwa, makin kiredit da takardun haraji duk za su nema. In gidan masana'anta kuke so, ku tambaya tun ranar farko ko suna karɓarsa.

Akwai wata hanya da nake roƙon ku da girman Allah ku yi hattara da ita, domin da rigar addini take zuwa. Mutum zai ce maka ba banki, ba ruwa, ba binciken kiredit: ka ba ni kaza a hannu, ka riƙa biya na wata-wata, ranar da ka gama in ba ka takardar gida. Wato takardar mallaka tana hannunsa har biya na ƙarshe. Yawanci farashin an kumbura shi, kuma bayan 'yan shekaru akwai wani ƙaton biya a dunƙule. Ka kasa, a soke yarjejeniya, kafin alƙalaminka da duk abin da ka zuba da gyaran da ka yi su tafi. Da wannan aka tatsi baƙar fatar Shikago a shekarun 1950 da 1960. A 2022 kafofin ProPublica da Sahan Journal suka bankaɗo yadda aka yi wa 'yan uwanmu Somaliyawa haka a Minesota, mutanen da gudun riba ne ya kai su, har jihar ta gyara dokarta a 2024. Wanda ya ce maka babu ruwa, ka tambaye shi sunan wa za a rubuta a ofishin rajistar ƙasa na gunduma ranar da ka ba da kuɗinka. In ya fara kame-kame, ka tashi.

Doka ta ba ku makamai biyu, kuma kyauta ne. Duk mai ba da bashin gida dole ya ba ka takardar ƙiyasi cikin kwana uku na aiki bayan ka nema, kuma fasalinta iri ɗaya ne a ko'ina, don ka iya jera ta wuri uku ka gwada. Dole kuma ya ba ka takardar ƙarshe kwana uku na aiki kafin ranar sa hannu. Waɗannan kwanaki na karatu ne, ba na sayen labule ba. Sannan akwai ofisoshin ba da shawara kan gidaje da HUD ta amince da su a kowace jiha, kyauta ko da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, kuma ba su da la'ada a cinikinka.

Roƙona ga shugabannin wannan taro shi ne a samu matasanmu biyu ko uku da suka iya karatun irin waɗannan takardu, su riƙa zama da duk wanda zai sayi gida kafin ya sa hannu. Ku kuma, iyaye da 'yan uwa, kada kunya ta hana ku nuna takardar. Ku kawo ta tun ba ku biya ko dala ɗaya ba.